Ƙofar Goggo

"Sake karanto min na jan kwalin," in ji Baba Mai Awo, maƙwabcinmu.

Na gyara zaman tabarauna, na sake karanta masa. Idonsa ya daina ganin ƙananan rubutu, shi ya sa yake aikowa a kira ni. Zarton lantarki biyu ne a gabansa, mai shago ya ba shi ya gwada ya zaɓi ɗaya. Na jan kwalin mai faifai ne, yana yanka a miƙe, amma yana da nauyi, in ya ci karo da ƙusa kuma yakan zabura ya dawo kan mai riƙe da shi. Na shuɗin kwalin ƙarami ne, bakinsa siriri, sai dai yakan karkace a katako mai kauri.

"Wannan ya fi ƙarfin hannuna, wancan kuma zai ɓata min aiki," ya ce.

Daga ɗaki matarsa Goggo ta ɗaga murya. "Malam, in ka gama zaɓen ka tashe ni, ko da a kabari ne!"

"Ke dai yi haƙuri, uwar gaggawa."

Tun da ƙafafun Goggo suka daina ɗaukarta ba ta fito tsakar gida ba. Kekenta na guragu ya ɗara ƙofar ɗakinta faɗi da yatsa uku, a naɗe aka shigar da shi. Ta ce ita ba buhu ba ce da za a riƙa ciccibarta. Mamata ta kawo maganar kafinta, Baba ya ɓata rai. "Ƙofar da na kafa da hannuna, wani ya zo ya sa mata zarto?" Ya auna, ya sake aunawa, ya ja layi da fensir a jikin katakon.

Ranar nan ya ɗaga mai faifan. Hannuwansa suka kama karkarwa har wayar tana kaɗawa. Ya ajiye, ya cusa hannuwan cikin riga. Ni kuwa na kafe kwalin da ido kamar ban gani ba.

"Gobe," ya ce.

Kashegari ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Bai ƙara tashi ba.

Da maza suka zo ɗaukar gawarsa, muka ji ƙarar ƙarfe a jikin katako. Goggo ce ta turo kekenta, tayoyin suka daki ƙofar. Ta ja baya, ta sake turowa.

"Goggo, bari mu ɗauko ki," in ji Mama.

"Ku bari. Shi ya ce zai buɗe min." Ta miƙa wuya, amma bango ya tare mata. Ta kamo hannuna. "'Yar nan, faɗa min abin da kike gani."

"Sun ɗaga shi, Goggo. Sun kai zaure. Sun fita."

Ta gyaɗa kai, ta sake ni. Kwalayen biyu suna nan jingine da bango. Ta ɗora yatsa a kan layin fensirin, tana bin sa a hankali har inda hannunta ya iya kaiwa.