Kirsimetin Watan Yuli

A Memphis ta Amurka, duk makaɗin da ya san sana'arsa ya san a watan Yuli ake Kirsimeti. Faifan da za a saka a gidaje cikin Disamba tun da zafi ake naɗarsa, don kamfani ya samu lokacin bugawa. Sai ka ga ƙarti suna waƙar dusar ƙanƙara gumi na bin ƙeyarsu, an kuma kashe fanka don kada ƙararta ta shiga faifai.

Odessa Hargrove shekara ashirin da shida tana auren Cleon, mai gangar wata ƙungiyar makaɗa, amma ba ta taɓa leƙa ɗakin naɗar waƙa ba. Cewa take kiɗan fonk ɗin da yake yi mata da cokula a kan teburin abinci ya ishe ta. Sai a Yunin 1974 likita ya ja ta gefe ya ce ciwon da ke cikin Cleon ba zai bar shi ya kai lokacin sanyi ba. Ta dawo gida ta ce masa gyambon ciki ne. Matar da ke koyar da yara a coci duk Lahadi, ta shirga wannan ƙarya ko ido ba ta ƙifta ba. So take ya samu Kirsimeti ɗaya cikakkiya ba tare da ya san ta ƙarshe ce ba.

Cikin Yuli, ranar da ƙungiyar su Cleon za ta ƙare naɗar faifanta na Kirsimeti, sai ga ta da tsakar rana da gasasshen talotalo, da burodin masara, da dafaffen ganye. Har bishiyar Kirsimeti ta roba ta sa aka kafa kusa da ganguna.

Thaddeus, mai busa ƙaho kuma shugaban ƙungiyar, ya leƙa tukunya ya ce, "Anti Dessa, shekara da shekaru ko ruwa ba ki taɓa aiko mana ba. Me Baba Cleon ya yi miki haka?"

"Ci ka rufe min baki," in ji ta. "Kai da ƙahonka duk iska ce."

Ta zauna bayan gilashin da ya raba ɗakin, kusa da mai naɗar waƙar, tana kallon mijinta. Ya rame, rigarsa har tana yi masa lilo, amma da ya sauke sanda a kan ganga kowa sai da ya gyaɗa kai. Ya ci, ya yi dariya, ya zagi mai jita. Daɗi ya kama ta, ta ga dabararta ta yi.

Al'ada ce a irin wannan faifai, a waƙar ƙarshe a sassauta kiɗa kowa ya matso makirfo ya gaida mutanen gidansa. Thaddeus ya gaida tsohuwarsa a Mississippi. Mai jita ya gaida mata biyu, aka yi masa ca. Sannan Cleon ya ajiye sanduna ya taso a hankali.

"Dessa," ya ce, "in kina jin wannan, Disamba ya yi ke nan. Fitilun adon baranda suna cikin kwalin takalmi a saman kabad, na riga na canja waɗanda suka ƙone. Kada ki hau tsani da wannan gwiwar taki, ki kira Alvin maƙwabcinmu ya ɗaura miki. Kuma ki tafi gidan yayarki ki ci abinci, ban yarda ki zauna ke kaɗai ba. Barka da Kirsimeti, uwargida."

'Yan ƙungiya suka kwashe da dariya, wai tsoho tun yanzu yake gudun aikin Disamba. Odessa ba ta yi dariya ba. Ashe ya sani, ya kuma ƙyale ta da ƙaryarta wata guda cur don kada ya ɓata mata shiri.

Mai naɗa ya ce wannan ai maganar cikin gida ce, ko a goge a sake? Cleon ya juyo yana kallonta ta cikin gilashin.

"A bar shi haka," in ji Odessa. "Zan buƙace shi."