Kulocin Babur Ɗin Ƙanƙara a Tsakar Gidanmu

Daren jiya mafarki ya kai ni Gumel, gidanmu, da hantsi. Ƙanƙara ta rufe gari har bakin taga, amma ɗumi gare ta, mutane na ta yawo da singileti. A tsakar gida ga wani babur, ba shi da taya, sai allo biyu a gaba da sarƙa a baya.

Mahaifiyata, wadda ciwon gwiwa ya hana fita shekara uku, tana zaune a kansa, ta ci ado.

"Auta, Maigatari za mu, in ga yayata Kande," in ji ta. "Ƙanƙarar nan da azahar za ta koma gida, sai kuma bayan shekara arba'in."

Na tayar da inji. Ya yi ta kuka, bai motsa ba.

"Kuloci ne," Inna ta ce. "Ciro shi."

"Inna, ni fa tela ne."

"To, farke shi."

Na buɗe murfin gefe, na zare bel, na kwance dogon noti da sufana. Kulocin ya ƙi fita. Na ja, na roƙa, na yi gumi. Inna ta miƙo buta, ta ce in kwantar da babur ɗin, in cika ramin notin da ruwa, in mayar da notin in ɗaure. A juyi na bakwai kulocin ya yi tsalle ya faɗo cinyata.

"Sannu da aiki," in ji kulocin. Muryarsa irin ta tsohon ladan.

Sai ga mu a ɗakin girki. Na ɗora shi kan faifai, na buɗe shi a hankali don kada sifirin ya tsere. Duk da haka ya tsere, ya hau katanga, sai da na yi masa alkawarin ba zan matse shi sosai ba sannan ya sauko. A ciki na tarar da abin da ya cushe shi: maɓallan da suka ɓace mini tun ina koyon ɗinki, duk suna nan. Na zazzage su, na wanke faranti biyun da ke cikinsa da ruwan zafi da sabulu, na goge da sanfefa har na ga fuskata. Na ɗauko giris.

"Kul!" kulocin ya ce. "Ni ba na cin maiƙo."

Na mayar da shi, na ɗaure, na sa bel. Inuwa ta kusa shigewa ƙarƙashin ƙafa, ƙanƙarar bakin ƙofa ta fara naɗe kanta kamar tabarma.

"Hau baya," in ji Inna. "Ni zan ja."

Ta murɗa. Muka bi ta saman kasuwa, raƙuma suna ba mu hanya suna gaisuwa. Ɗankwalinta ya tashi, ba ta waiwaya ba. Guɗa take yi tana ƙara wuta.

"Inna, a hankali!"

"Riƙe ni dai, matsoraci!"

Gwaggo Kande na tsaye a ƙofar gida da ludayi. Inna ta diro da ƙafafunta, ta ruga. Suka rungume juna, suka faɗi cikin ƙanƙara suna birgima, kowacce na cewa ɗayar ce ta tsufa. Gwaggo ta dunƙula ƙanƙara ta jefe ni a kunne. Na duƙa zan rama.

Sai ƙwanƙwasa: mai ruwa ne yake buga ƙarfe a jikin kurarsa a bakin layi. Na buɗe ido, hannuna cike da auduga. Na yaga matashin kai, kumatuna har ciwo suke don dariya.