Kwandon Inabin Hamazasp

Ƙanena Onnik, wanda duniya ta sani da Sirbazan Sukiyas, ya shekara kusan talatin yana sasanta coci-coci. Babu ɗarikar da bai zauna da ita a teburi ɗaya ba. Ya sumbaci Girkawa, ya rungumi Katolika a Roma, ya sa hannu a takardun da suka ce rigimar da kakanninmu suka fara shekara dubu da ɗari biyar da suka wuce ashe rashin fahimtar juna ce kawai. In ka ga hoton manyan limamai sun jeru a matattakala a Geneva, duba layi na biyu, za ka ga farin gemu da baƙar hula mai tsini. Shi ne bishop ɗinmu, Sirbazan kuwa laƙabin girma ne da muke kiran bishop da shi. Ni na wanke masa wando har ya kai shekara bakwai, saboda haka hular ba ta cika ba ni tsoro ba.

Mu uku ne a gidanmu: ni Arshaluys, sai Hamazasp, sai Onnik auta. Hamazasp ne ya riƙe gonar inabin Baba, katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. A shekarun nan na wahala bayan Tarayyar Soviet ta watse, babu wuta babu mai, ɗansa ɗaya tilo ya rasu. Wasu masu bishara suka riƙa zuwa suna zama da shi, suna faskara masa itace. Daga cocinmu kuwa ba wanda ya leƙo bayan kwana arba'in. Shi ke nan Hamazasp ya bi su. Suna taruwa a tsohon ɗakin ajiye taraktoci, suna waƙa da jita, ba turare ba kyandir.

A bazarar shekarar, Onnik ya zo gida sabon limami, gemunsa bai ma gama haɗuwa ba, aka ba shi jagorancin sa wa inabi albarka a idin Maryamu. A wurinmu ba mai saka inabi a baki sai an yi wannan addu'ar a tsakiyar Agusta. Ko tsohon shugaban jam'iyya na ƙauyenmu, wanda ya rantse babu Allah, sai ya ji ƙararrawa yake tsinka. Hamazasp ya kawo kwandonsa kamar kowa, ya ɗora a teburi. Onnik ya ɗauki kwandon da hannu biyu, ya ratsa jama'a, ya ajiye shi a wajen ƙofa, ya dawo ya ci gaba da addu'arsa. Daga ranar ba su sake magana ba, shekara ashirin da shida.

A shekarar da nake ba da labarinta, tari ya kama Hamazasp tun hunturu. Na raka shi Yerevan, babban birninmu, likita ya ja ni gefe ya ce kada mu yi ta lissafin girbi biyu. Da muka dawo, wata rana ya jingina da katanga ya ce mini, “Yaya, sau ɗaya kawai nake so a ɗora kwandona a teburin nan. Da hannun Onnik.”

Ana haka sai ga waya, wai Sirbazan zai zo idin bana da baƙi daga ƙasashen waje, har da masu ɗaukar fim ɗin tarihin rayuwarsa. Na share gida, na gasa gurasar lawash ta kwana uku, na naɗe tolma, wato nama da shinkafa a ganyen inabi, har yatsuna suka ƙage. Ranar Juma'a suka iso a mota biyu: wani bishop Bagirke mai ƙiba, wani fada Ba'italiye da ba ya rabo da murmushi, da wata doguwar fasto daga Sweden mai suna Gunilla. Sirbazan ya miƙo mini hannu in sumbata. Na sumbata, don ana ɗauka.

Da na same shi shi kaɗai a kicin yana shan kofi, ban yi kwana-kwana ba.

“Hamazasp ba shi da lafiya. Yana so ka karɓi kwandonsa ranar Lahadi.”

Ya ajiye kofin a hankali, ya haɗa yatsunsa, irin yadda yake yi a talabijin. “Yaya, irin wannan al'amari yana da matakai. Akwai kwamitin da ke tattaunawa da masu bishara, mun yi zama huɗu, kuma ana samun ci gaba mai ƙarfafa gwiwa.”

“Kwamiti nawa ne tsakanin ƙofata da tasa? Taku goma sha biyu ne, na ƙirga.”

“Ba ki gane ba. A waje ana yabona, a gida kuwa akwai masu cewa na sayar da addinin kakanni. Jira suke in yi tuntuɓe. In na karɓi kwandon ɗan wata ɗarika a gaban jama'a, kafin Litinin labari ya kai wurin manya.”

“Ita doguwar nan da na shimfiɗa wa gadon Mama, 'yar wace ɗarika ce?”

“Ita baƙuwa ce.”

“Wato in mutum ya ɓata daga nesa, baƙo ne. In ya ɓata a bayan katanga, sai kwamiti.”

Ya ce zai sa shi a addu'a. Na kwashe kofin tun bai gama sha ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na ji tsoro, domin ban san abin da zan gaya wa Hamazasp ba.

Ranar Asabar na shimfiɗa musu abincin rana a tsakar gida, a inuwar katanga. Kuringar Hamazasp ta haura ta zubo ta ɓangarena, nonnan inabi baƙi wuluk suna reto daidai kan mutum. Ina cikin ɗakin tanda ina leƙe ta taga, sai na ga Gunilla ta miƙa dogon hannun nan nata ta tsinko nono guda. Ta jefa ɗaya a baki ta lumshe ido. Ban ga laifinta ba, wa ya gaya mata? Ta miƙa wa Bagirken, ya ce su ai sun sa wa nasu albarka tun makon jiya, ya kwashi rabonsa. Ba'italiyen ya ci da murmushinsa. Sai ta juyo wurin Sirbazan, ta ce wani abu a kan 'yan'uwa su ci daga reshe ɗaya. Mai kyamara ya matso.

Mutumin da ya shekara kusan talatin bai taɓa barin baƙo ya ji kunya a teburi ba ya dubi dama, ya dubi hagu, bai dubi tagar ɗakin tanda ba. Ya ci uku. Ya tofa 'ya'yan a tafin hannu, ya zura su cikin aljihun baƙar rigarsa.

Na bari sai da baƙi suka shiga hutawa, sannan na ce ya zo ya duba mini wani abu a ɗakin tanda. Yana shigowa na rufe ƙofa, na zura hannu a aljihunsa kamar yadda nake yi lokacin da yake satar alewar Mama. Na baje 'ya'yan a tafin hannuna.

“Sirbazan ƙaunatacce, mene ne wannan?”

Kunnuwansa suka yi ja. “Al'ada ce kawai, Yaya, ba aƙida ba ce. Babu inda aka rubuta a Littafi cewa...”

“To madalla. Sai ka yi wa Siranush wannan bayanin.”

Siranush ita ce mai sayar da kyandir a bakin coci. Shekarunta tamanin da ɗaya, ba ta da waya, amma in ta ji magana da safe, kafin tsakar rana an ji ta a ƙauyuka biyar na bakin kogi. Ita ta kori limami guda daga nan saboda an gan shi da tsiren rago a lokacin azumi.

“Zan sa su yanke wurin daga fim ɗin,” in ji shi.

“Ka yanke. Ni wa zai yanke ni? Bishop ya ci inabi jajibirin idi, daga kuringar ɗan bidi'a, daga hannun mace fasto. Su waɗancan masu jiran ka yi tuntuɓe, ka ga ba sai sun ƙara jira ba.”

Ya zauna a kan buhun gari, rigar tana kwasar fari. Mutum ne da ya san lokacin da aka ƙure shi a teburin sulhu, wannan kam ba zan hana masa ba. Ina ganin yana auna tuntuɓen biyu, wanne ya fi sauƙin faɗuwa.

“Me kike so?”

“Kwando a teburi. Da hannunka. Kuma kada ya san na yi magana.”

Da yamma na leƙa ta katanga na ce wa Hamazasp ɗan'uwansa ya ce ya kawo kwandonsa gobe. Ya dube ni ya daɗe. Sai ya shiga ɗaki ya fito da rezarsa da madubi.

Ranar Lahadi coci ya cika har waje. Bayan sujada aka fito da teburi harabar, kwanduna suka taru a kai. Hamazasp ya tsaya can bakin ƙofar harabar cikin kwat ɗin aurensa, wanda yanzu ya yi masa yawa, ya rungume kwandonsa. Sirbazan ya ɗaga gicciye, ya fara, sai ya tsaya. Ya bari shirun ya yi tsawo daidai gwargwado. Sannan ya miƙa sandarsa ga limamin ƙauye, ya ratsa jama'a, mai kyamara yana binsa da gudu, ya karɓi kwandon da hannu biyu ya kawo shi tsakiyar teburi.

Wa'azin da ya yi a kai, in ka ji shi sai ka rantse ya shekara yana shirya shi. Ya ce haɗin kan masu bi ba a manyan zauruka yake farawa ba, a bakin katangar gida yake farawa. Ya ce taku goma sha biyu sun fi tafiyar Roma wuya. Taku goma sha biyuna, ko kunya bai ji ba. Gunilla tana share hawaye, Ba'italiyen ya daina murmushi don girmamawa. Siranush ta murguɗa baki ta ce duniya ta lalace, amma ta ce aƙalla bishop ne mai tsoron Allah. Ni kuwa na tsaya ina jin haushi da daɗi a lokaci ɗaya, ban san wanda zan fara haɗiyewa ba.

Aka yi addu'a gabas da yamma, kudu da arewa, aka buga ƙararrawa, yara suka afka wa kwanduna. Baƙi suka kewaye Sirbazan suna taya shi murna. Daga baya wannan wurin ne ya zama ƙarshen fim ɗin, har aka ba shi lambar yabo a wata ƙasa. Hamazasp bai ga fim ɗin ba, ya rasu a watan Fabrairu.

Amma a ranar, da taron ya ragu, mai kyamara ya tafi neman ruwa, Hamazasp ya zaɓo nono mafi kyau daga kwandonsa, ya goge shi da hannun kwat, ya tako a hankali yana tari.

“Onnik,” ya ce. Ba wanda ya kira shi haka a bainar jama'a tun da ya sa hular. “Na san zuciyarka za ta kawo ka wata rana. Ban ce wa kowa ya roƙe ka ba sai Yaya, kuma na san ba ka jin maganar Yaya.”

Hamazasp ya ƙara matsowa kusa da shi.

“Ka san wani abu? Fastonmu ya ce wannan duk camfi ne, inabi inabi ne. Amma shekara ashirin da shida ban taɓa saka ko ɗaya a baki ba sai na ji ƙararrawarku ta bayan katanga. Nakan ce a raina, duk ƙasar da Onnik yake, shi ma yanzu jira yake yi. Ko ba ma magana, wannan ɗaya muna yinsa tare.”

Ya miƙa masa nonon. “Ci mana. Kuringar Baba ce, ta jikin katangar Yaya. Ka manta ɗanɗanonta, na sani.”

Ƙanena yana jin harshe shida, kuma ban taɓa ganin an tsayar da shi a taro ya rasa abin faɗa ba. Ya tsinki ɗaya, ya sa a baki. Ya daɗe yana taunawa bai haɗiye ba. Ya dube ni ta saman kafaɗar Hamazasp, ni kuma na sunkuya ina tattara kwandunan da ba nawa ba.

“Yaya ka ji shi?” in ji Hamazasp.

“Kamar yadda na san shi,” in ji Sirbazan.