Agogon Teburi na Huɗu

Malama ta wurga rahoton a kan teburi na huɗu da ƙarfi, har dunƙulen ƙarfen da ke rataye a igiya ya motsa.

"Tara cif," ta ce. "Shekara biyu kina shiga ɗakin gwajin nan, tara cif kika kawo mini?"

Ɗalibar ba ta sunkuyar da kai ba. 'Yan ajinsu Lauya suke ce mata, don ba a taɓa gaya mata magana ta haɗiye ba, kuma yau ma ba ta da niyyar farawa.

"Abin da na samu ke nan, Malama."

"Abin da kika samu! Ƙasar ce ta gaji da jan abubuwa da ta gan ki?"

Babu gwaji mai sauƙi a darasin Fiziks na 'yan shekarar farko kamar gwajin lilo. Ka rataya ƙarfe a igiya mai tsawon mita ɗaya, ka sake shi, ka ƙirga lilo ashirin da agogo, sannan ka lissafa yadda ƙasa take jan duk abin da ya faɗo. Amsar tana cikin kowane littafi, tara da ɗigo takwas. Ɗalibai ɗari da goma sha biyu suka yi jarrabawar, har da waɗanda ba sa iya riƙe rula daidai, duk suka kawo amsar littafi ko kusa da ita. Lauya kaɗai ta kauce, kuma bara ma haka ta yi ta faɗi. Dokar jami'ar ba ta da kwana: wanda ya faɗi darasin nan sau biyu, a sallame shi daga sashe. Ƙarfe biyu na rana kwamiti zai zauna ya amince da maki, yanzu kuwa sha biyu ta wuce.

Shi ya sa Malama ta sa aka kira ta. Ba ta son kayar da mutum ba tare da ta gaya masa ido da ido ba, kuma abin ya fi ƙona mata rai don yarinyar ba daƙiƙiya ba ce.

"Sau nawa kika maimaita?"

"Sau biyar. Duk suna nan a shafi na biyu."

"To sau biyar kika yi kuskure."

"Ga igiya ga agogo, Malama. Ki gwada."

Daga can ƙarshen ɗakin, Baba mai kula da kayan gwaji ya daina goge abin awon da ke hannunsa. Shekara ashirin da shida yana riƙe da makullan ɗakin, bai taɓa jin ɗalibi ya ce wa malami ya gwada ba.

Malama ta ajiye jakarta. Za ta gwada ɗin kuwa, don ta rufe bakin nan gaba ɗaya. Ta auna igiyar, mita ɗaya daidai. Ta ɗauki agogon teburin, tsoho irin wanda ake yi wa wani da hannu, wanda aka rubuta masa lamba huɗu da jan fenti a baya. Ta ja ƙarfen gefe kaɗan, ta sake shi, ta danna. Ta ƙirga ashirin a fili, da muryar da take koyar da marasa ji.

Daƙiƙa arba'in da ɗaya da ɗigo takwas.

Ta yi tsaki ta sake. Abin da ya fito ke nan. Ba ta buƙatar takarda ta san inda lissafin zai kai ta, tara cif zai ba da. Ta ciro wayarta daga jaka, duk da ita da kanta ta hana shigowa da waya ɗakin, ta danna agogon wayar da na teburin lokaci guda. Wayar ta ce arba'in da ɗigo ɗaya. Tsohon agogon yana gudu, yana ƙara kusan daƙiƙa biyu a kowace arba'in.

"Baba!"

Ya taho a hankali yana goge hannu da tsumma.

"Agogon nan ya lalace."

"E, Malama, yana da ɗan gaggawa."

"Ka sani?"

"Tun shekarar da rufi ya yi yoyo. Shekara tara ke nan. Na rubuta takarda sau uku a canza shi, ba a canza ba, kuma ba ni da na sauyi."

"Shekara tara? To waɗanda suke zama a teburin nan fa, yaya suke samun amsa?"

Baba ya dubi Lauya, ya dubi silin.

"Ai yaranmu suna da dabara. Daga amsa suke farawa, su dawo baya su nemo daƙiƙun da za su dace. Ba wanda ya taɓa kawo ƙara sai wannan. Bara na ce mata, 'yata, ki ɗan gyara lambar. Ta kalle ni kamar na ce ta yi sata."

"Kuma ba ka gaya mini ba?"

"Ba ki tambaya ba, Malama. Kina ganin tara da ɗigo takwas kike sa hannu."

Da wani ne ya faɗi haka da ta ci mutuncinsa, amma a shekaru Baba ya isa ya haife ta, kuma gaskiya ya faɗa. Ta wuce fuu zuwa kabad ɗin tsofaffin rahotanni, ta zaro na teburi na huɗu ta zube a ƙasa. Ana zaunar da ɗalibai bisa lambar rajista, don haka kowace shekara mutum goma sha huɗu ne suke ratsa teburin, rukuni-rukuni. Ta buɗe ɗaya bayan ɗaya. Tara da ɗigo takwas. Tara da ɗigo takwas da ɗaya. Wani ma har ya ƙawata ƙaryarsa da ɗan kuskure don ta yi kama da gaske. A ƙasan kowanne ga jan bironta, ga "Madalla" da hannunta. Ta ji kunya, kunyar kuma ta koma fushi, don ba ta da inda za ta ajiye ta.

"Ke kuma," ta juya kan Lauya, "me ya hana ki zuwa ki same ni bara?"

"Na zo. Kika ce in je in koyi danna agogo."

Malama ta tuna, har ta tuna 'yan ajin sun yi dariya. Ta ɗauki agogon da rahoton ta fita.

Farfesa, shugaban sashe, yana cin biskit a kan tarin takardun kwamiti lokacin da ta shiga ba tare da ta jira izini ba. Ta ajiye masa agogon a gabansa ta zayyana masa komai a tsaye. Ya saurara har ƙarshe, ya karkaɗe gutsattsarin biskit daga rigarsa.

"To me kike so a yi?"

"A ba ta cikakken maki. Ita kaɗai ta yi gwajin, sauran rubutu suka yi."

"Tsarin ba da maki ya ce daga tara da ɗigo shida zuwa goma. Ke kika rubuta shi."

"Sai a rubuta dalili. Agogo ya lalace."

"A rubuta?" Ya cire tabarau. "Malama, mai duba jarrabawa daga waje yana zuwa mako mai zuwa. In ya karanta cewa agogo ya lalace, abu na farko da zai tambaya shi ne yadda mutum goma sha uku suka samu amsa daidai da lalataccen agogo. Wannan maguɗi ne, hukuncinsa kora. Sannan ya tambayi na bara, da na bara waccan. Wasunsu sun gama, wasu suna koyarwa. Ɗaya ma a sashen nan yake, ofishinsa yana kallon naki."

"Sai mu kori mai gaskiya don mu rufa wa maƙaryata asiri?"

"Wa ya ce a kore ta? Ke dai kina da zafi." Ya jawo aljihun tebur ya ciro sabuwar takardar rahoto mai hatimin sashe. "Ta sake rubutawa, ta sa abin da kowa ya sa. Ki sa hannu, ki kawo mini kafin biyu. Ba wanda ya faɗi, ba wanda aka kora."

"Wannan ba koyarwa ba ce, Farfesa."

"Na sani. Amma rahoton da ke hannunki ba zai wuce kwamiti ba, ko kin yi ihu ko ba ki yi ba. Bar mini agogon nan."

Ya jefa shi cikin aljihun teburin ya rufe. Ta fito, ta sauko matakala tana zagin Farfesa a zuci, da Baba, da wanda ya ƙi sa hannu a takardar sayen agogo, da ɗalibai tara-da-ɗigo-takwas duka. Kafin ta kai ƙasa ta ga ba wanda ya rage ba ta zaga ba sai ita kanta.

Lauya tana zaune inda ta bar ta. Baba ya kwashe rahotannin da aka zubar ya mayar kabad. Malama ta ajiye sabuwar takardar a kan teburin, ta kasa haɗa ido da yarinyar.

"Ba zan ce ki yi ba," ta ce. "Zan gaya miki yadda abin yake kawai. In aka kai wancan, an sallame ki yau. In kika cike wannan da amsar littafi, kin wuce."

"Farfesa ya ga agogon?"

"Ya gani."

"Ya yarda ni ce daidai?"

"Ya yarda."

Lauya ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Babana kafinta ne, Malama. In tef ya ce kaza, kaza yake zanawa a jikin katako, ko mai aiki ya so ko bai so ba. Da na faɗi bara ya ce in koma, wataƙila hannuna ne bai faɗa ba. Kullum sai ya tambaye ni ko na koyi awon. Yau in koma in ce masa me? An kore ni?"

Malama ta dubi agogon wayarta. Ƙarfe ɗaya da kwata ta yi.

Lauya ta jawo takardar, ta ciro biro. Ta rubuta amsar a can ƙasa tukuna, tara da ɗigo takwas da ɗaya, sannan ta hau sama da lissafin. Ta fitar da daƙiƙun, ta rarraba su layi biyar, wannan arba'in da ɗigo ɗaya, wancan arba'in da ɗigo biyu, ɗaya ta rage masa kaɗan yadda hannun mutum yake yi. Ko na'urar lissafi ba ta taɓa ba. Cikin minti shida ta gama, ta tura takardar gaban Malama. Aikin ya fi duk na cikin kabad ɗin tsafta.

"Ashe kin iya," Malama ta ce, muryarta ta yi ƙasa.

"Kowa ya iya, Malama. Tun makon farko aka koya mana a bakin ƙofa." Ta rufe bironta. "Na ɗauka ke ce ba kya so."

Malama ta ciro jan biro ta sa hannu.