Tankunan Yunwa

Tun ranar da ta shiga karatun digiri na uku dangi suka laƙaba mata Dakta, alhali ko rabin hanya ba ta kai ba. Aikin nata in ka ji shi a baki ba wuya. Gansakuka na zuƙar sinadarin da ke cikin ruwa, ƙananan ƙwarin ruwa su ci gansakuka, kifi ya ci ƙwarin, ya kasayar, sinadarin ya koma ruwa. Ita sawun sinadarin fosfaras take bi a wannan zagayen, ta ga inda yake maƙalewa da inda yake wucewa. Ta kasa tankunan gilashin da take kiwon kifayen gwaji a ciki kashi biyu, wasu ta wadata su da fosfaras, wasu ta ƙuntata musu da gangan. Doka guda ce: ban da abin da ta auna da hannunta, ko ƙura kada ta faɗa ciki.

Da aka kama gyaran rufin ɗakin gwaje-gwaje, Farfesan da ke duba aikinta ya ce ta nemi wurin ajiye su. Sai ta kwaso su gida, ta jera a ɗakin ɗinkin marigayiya mahaifiyarta, kusa da keken da ba wanda ya taɓa tun rasuwar. Gidan daga ita sai Baba, tsohon direban bas da ya ajiye aiki. Yanzu ba shi da sana'ar da ta wuce dafa mata ƙwai da shayi kowace safiya, sannan ya tsaya bakin ƙofa yana kallo ta fice a guje ba ta ci ba.

Ba a jima ba awo ya birkice. Fosfaras a tankunan yunwa sai hawa yake. Kifayen da ya kamata su rame suka yi ɓul-ɓul, har sheƙi suke, ruwan ya yi kore shar. Ta sake awo, ta sake wanke kwalabe, ta zargi na'ura, ta zargi ruwan famfo, har idonta sai da ta zarga. Farfesa, mutumin da ba ya ɗaga murya, ya leƙo ta saman tabarau ya ce sinadari dai ba aljani ba ne balle ya ratsa gilashi. Ko ta gano ta inda yake shiga kafin zaman kwamiti, ko a soke babin. Babin nan kuwa a kansa aikin duka yake tsaye, don haka hankalinta ya tashi ba kaɗan ba.

Ran nan ta fita, har ta kai bakin titi ta tuna ta bar makullin ofis. Tana shigowa ta ji magana ƙasa-ƙasa daga ɗakin ɗinki. Ta tura ƙofa. Ga Baba zaune kan kujerar keken, farantin karin kumallonta a cinyarsa, yana marmashe gwaiduwar ƙwai cikin tanki, yana lallashin wani kifi da ya raɗa wa suna Ramamme, wanda yanzu da kyar yake juyawa don ƙiba. A duk abincin gidan nan, da wuya a samu abin da ya kai gwaiduwa fosfaras.

Baba bai ko razana ba. Ya ce ya lura wasu na ƙiba wasu na bushewa, sai ya gane karatu ne ya yi mata yawa har take mancewa da rabinsu. Bai so ya kunyata ta ba, shi ya sa ya gyara abin a ɓoye. Kuma kada ta damu, yana wanke hannu kafin ya ba su, sannan na ɗaya ɓangaren ko ɓarɓashi bai taɓa ba su ba, tunda su masu hali ne.

"Baba, ai da gangan na hana su," in ji ta.

Ya dube ta daga sama har ƙasa. "Da gangan? Uwata, jami'ar ce ta koya miki haka?"

Ta buɗe baki za ta zazzage masa watannin wahalar da ya zubar mata, sai ya dubi farantin ya ce, "To ya zan yi da shi? Na dafa kin bari. Ni kuma ba na iya ci ni kaɗai. Su dai in na shigo suna tasowa."

Ta fasa faɗan. Ta ji kunya ta kama ta fiye da haushin.

Da ta kai wa Farfesa labari, sai da ya cire tabarau don dariya. Ya ce ta zana zagayen abinci kaf ta manta da babba a cikinsu, mai faranti. Ya yarda a ɗage zaman kwamiti, amma gwaji sai dai a faro shi daga tushe, da sabon ruwa da sababbin kifaye. A hanyar gida ta sayi kwaɗon kulle ƙofa. Ta tsaya da shi a ƙofar ɗakin mahaifiyarta, ta juya shi a hannu, ta kasa maƙalawa. Har yau yana cikin jakarta.

Sulhu suka yi da Baba. Ramamme da 'yan'uwansa suka koma babbar roba a kicin, mallakin Baba, ya ba su abin da ya ga dama. Ita kuma kowace safiya sai ta zauna a ɗakin ɗinki ta cinye ƙwan nan tas a gabansa, har gwaiduwar da ta tsana tun tana ƙarama, don kada a samu ragowar da za ta shiga tanki. Sababbin kifayen suna ramewa daidai yadda ilimi yake so. Baba na shan shayinsa kusa da ita, amma ya juya kujerarsa, ya ba tankunan baya.