Gungun da Ruwa Ya Shanye

Shekara hamsin da 'yan kai Barira ta yi ba ta amsa gaisuwar Hannah ba, alhali rumfunansu na kifi suna kallon juna a kasuwar Yelwa.

Da can ƙawaye ne. Hannah Ibo ce, mijinta yana gyaran injin jirgi a wani gungu kusa da Ngaski, inda aka haifi Barira. Da rikicin da ya jawo yaƙin basasa ya tashi suka gudu gabas, suka bar kabarin jaririyarsu a bayan gida. Salisu, wan Barira, ya shiga soja aka tura shi can, bai dawo ba. Ko takalminsa ba a kawo wa Inna ba.

Da yaƙi ya ƙare, rediyo ya ce 'yan tawaye sun ajiye makamai, ƙasa ta koma ɗaya, kowa ɗan'uwan kowa ne. Barira ta kashe rediyon. Hannah ta dawo ita kaɗai, a rame, ta tarar an gama madatsar Kainji, ruwa ya shanye gungun. Ta zo ta yi sallama, Barira ta juya mata baya.

Bana, bayan babbar salla, Hannah ta dogaro sanda har rumfar Barira.

"Ɗan ƙanena zai maida ni gabas, likita ya ce ba sauran magani. Ke kaɗai kika rage da kika san inda gidanmu yake, ki kai ni in yi ban kwana da kabarin 'yata."

Barira ta ci gaba da jera bandar kifi. Washegari da safe ita da kanta ta nemo jirgin wani mai fito, Ɗangana.

Sun yi nisa cikin tafkin. Barira ta dubi dutsen gabar yamma, ta dubi ruwa, ko'ina iri ɗaya.

"Tsaya nan," in ji ta.

Hannah ta tsoma hannu a ruwa, ta kira sunan 'yarta sau uku. Can ta ce, "Mijina ma ya riƙe bindiga, Barira. Ban san wa ya harba ba."

"Ni ma ban san wa Salisu ya harba ba."

Suka yi kuka har Ɗangana ya kau da kai.

Ranar tafiya Barira ta raka ta tasha da ƙunshin kifi. Wata biyu bayan haka saƙon rasuwa ya iso. Barira ba ta taɓa gaya wa kowa ba cewa ba ta gane wurin ba. Ta dai tsayar da jirgin ne inda ta ga Hannah ta gaji.