Burodin Ummu Gassan

Tun da sanyin ƙashi ya kama yatsun Ummu Gassan ta daina kwaɓa fulawa, ita da a da ƙanshin burodinta ke tashin mutanen benensu a Tarabulus. 'Yarta Lamis ce ta aiko mata da injin burodi daga Jamus. Zuba, danna, jira. Tsohuwa ta yi murna har da hawaye.

To, burodin fa ya ƙi. Waje ja, gwanin sha'awa, ciki kuwa danƙo kamar ƙullun da ba a sa a wuta ba. Ta rage ruwa, ta sake yis, ta canza fulawa. A banza.

Mijinta Munzir, wato Abu Gassan, bakinsa ba ya shiru. "Hajiya, wannan a ci shi ko a liƙe tagar bayi da shi?"

Da fari takan rama. "Kai da ko ƙwai ba ka iya dafawa ba!" Daga baya ta daina ramawa. Rannan ya ji ta a kicin tana kuka tana cewa, "Ko dai na fara ruɗewa ne, kamar Inna?" Uwarta sai da ta manta sunayen 'ya'yanta kafin ta rasu, kuma abin da Ummu Gassan ke tsoro ke nan fiye da mutuwa.

Ga abin da ba ta sani ba. Wutar da suke saya a wurin mai janaretan unguwa ba ta ɗaukar injin da hitar wanka lokaci guda. Kullum da safe, idan ta kunna injin ta fita baranda shayar da na'a-na'arta, sai malam ya zare filogi, ya kunna hita, ya sha wankansa da ruwan ɗumi, ya mayar. A ganinsa ai kamar fanka ne, ya ɗora daga inda ya tsaya. Da ya fara zargin kansa, kunya ta riƙe masa harshe. Wanda ya gama tsokana, da wane baki zai ce shi ne? Ya ce gobe zai daina, amma goben ma akwai sanyi.

Ƙarshe ta goge injin, ta ba maƙwabciyarsu Nuhad.

Washegari da hantsi sai ga Nuhad da burodi a cikin tawul, yana tururi. "Goggo, wallahi awon da kika faɗa min na bi, ban ƙara komai ba. Dubi!"

Ummu Gassan ta gutsura. Ya gasu har tsakiya. Ta yi godiya, ta raka ta ƙofa, ta dawo ta zauna tana kallon yatsunta.

"Inji ɗaya, awo ɗaya," ta ce a hankali. "Ashe ni ce. Abu Gassan, ka kira Lamis. A kai ni likita tun ina gane ku."

Abu Gassan ya dube ta. Ya ajiye zaitun ɗin da ke hannunsa.

"Widad," ya ce, sunan da rabonsa da kiranta da shi tun kafin a haifi ɗansu Gassan. "Kanki lafiya lau. Ni ne nake zare filogin. Saboda wanka."

Ya so ta yi masifa, ta jefe shi da tawul ɗin ma. Ba ta yi ba.

"Ka ji ni ina kuka a kicin?"

"Na ji."

Ta gyaɗa kai. Ta tura masa burodin Nuhad gabansa, ta miƙe da ƙyar tana dafa tebur.

"Zan je in karɓo injin yanzu," ya ce.

"Bar mata. Kyauta ba ta dawowa." Ta tsaya a bakin ƙofar baranda, ba ta juyo ba. "Ciwon hannu Allah ne Ya ɗora min, ban yi ƙorafi ba. Kai kuwa, Munzir, ni na zaɓe ka."